Bayan Riga

A Samaru, a shagon Isiyaku mai fotokwafi,
na sayi karatuna shafi-shafi.
Injinsa na cinye gefen hagu,
kowane layi sai na canki farkonsa da ka.
Sauran darasin yana cikin dare,
ƙarfe ɗaya, sa'ad da data ke araha:
ina tarar bidiyo kamar mai tarar ruwan indararo,
ya kai kashi casa'in da bakwai,
a ɗauke wuta.

Malama Ramlatu ta ce mana a ɗakin kwamfuta,
tana kaɗe alli daga mayafinta:
"Mai gwaji ba abokin gabar magini ba ne.
Shi ne ruwan fari da ke sauka kan soro
ya nuna wurin yoyo tun Agusta bai zo ba."
Na rubuta. Ban gane ba tukuna.

Ni da Safiyanu muka gina manhajar adashi
don masu hatsi na kasuwar Sabon Gari.
Ga sunayen da muka raɗa wa fayilolinmu:
na ƙarshe,
na ƙarshe biyu,
na ƙarshe wallahi,
kar a taɓa wannan.
Ya gyara lissafi a tasa, na gyara a tawa,
fulashi na ta kai-komo tsakanin Kwangila da Tudun Wada,
har gyarana ya haɗiye nasa,
ba wanda ya ji ƙarar haɗiyar.

Ranar kwasa, Ɗanjuma mai gero ya miƙo hannu.
Zubi goma sha biyu bai taɓa fashi ba.
Manhaja ta ce ba ta san shi ba.
Ba ta san Ƙasimu ba, ba ta san Ɗahiru ba:
duk mai ƙugiya a sunansa ya zurma rami.
Mun gwada ta da Musa, mun gwada ta da Sani,
muka manta da harufan bakinmu.
Ɗanjuma bai yi faɗa ba, da ma ya yi.
Ya dai dube ni, ya ci gaba da auna geronsa.

Da yamma na shiga birni ta Ƙofar Doka.
Baba na zaure, allura a leɓe,
yaronsa ya kawo aska takwas da ya gama.
Bai ko kalli gabanta ba, ya juya ta ciki waje,
ya bi zare da farce har ya tsaya kan wani ƙulli.
"Gaba na mai saye ne," in ji shi,
"baya ne na mai ɗinki. Warware."

Na buɗe gwangwanin da yake ajiye zanensa,
wanda nake ɗauka tarkace ne tun ina ƙarama.
Takardar buhun siminti, ɗaya kan ɗaya,
kowace da shekararta da ajami,
da sunan wanda ya ƙara lanƙwasa, da dalilinsa.
Na ce, Baba, tsofaffin fa, me za su yi maka?
Ya ce, "In sabon ya karkace,
ina zan koma in na yaga na jiya?"

Yanzu ma'ajiyarmu ɗaya ce.
Safiyanu na da reshensa, ina da nawa,
ba a haɗewa sai ido biyu sun gani,
kowane canji da sa hannu da dalili.
Gwajin farko a jerin, kullum asuba,
sunan Ɗanjuma ne, da ƙugiyarsa tsaye.

Shi kuwa har yau bai saki littafinsa ba,
mai bangon shuɗi, da maiƙo a gefe.
In na nuna masa allo, sai ya lashi yatsa,
ya buɗe shafi, ya gwada nawa da nasa.
Ya ce zai gani zuwa kaka.
Ban ce masa ya daina ba.