Ganye Ɗaya

Ganye ɗaya Goggo Tasalla ta tsinko mini
a ɗakinta na Runjin Sambo,
mai laushin gashi kamar kunnen ɗan akuya.
"Kada ki jiƙa masa fuska,
ta gindi yake sha."

Na tankaɗe yashin Rima,
ɓuntun shinkafa, dakakken gawayi,
da takin da ya daɗe da hucewa.
Na huda gwangwanin madara da ƙusa,
na kafa shi a karkace, kusa da randa.

Sati bakwai, shiru.
Saura kaɗan in zubar.

Yau ga ƙananan kunnuwa uku sun leƙo.
Furen shunayya da saura,
uwar ganyen ta fara yaushi.
Goggo ta ce, "Bar ta,
ba ta gama shayarwa ba."