Gajimaren da Ba Ya Ruwa

Kakana Ɗanjimo, in ya ɗaga kai a Tarna,
yakan ce: wannan na jibi ne, wancan holoƙo ne,
kada kowa ya taɓa iri.
Ni jikansa ina rumfar gyaran salula a Kadro,
kaina a sunkuye,
ina lalube ƙofar shiga gajimare.

Gwaggo Baraka ce ta ja mini.
Littafin bashinta na man gyaɗa
ya kwana ƙarƙashin yoyon kwano,
sunan Tsahara ya narke cikin na Indo,
jika arba'in suka koma shuɗin ruwa.
Na ce zan gina mata rumbun da ɗigo ba ya kaiwa.
Don ta bar kuka na faɗa,
ita ko ta bi ni da maganar har cikin zaure.

Sai na tarar ƙofofin da Ingilishi aka rubuta su,
ni kuwa Faransanci na sha a lakwal,
shi ma rabin ƙwarya.
Kalma guda, ƙamus biyu.
Awa uku na bi wani malami a bidiyo,
ya ce latsa maɓallin nan na hagu.
Na duba hagu, na duba dama,
ashe tun bara waccan aka cire.

Wata ƙofa ta ce: shigo, kyauta ne,
ajiye dai lambar katin banki.
Ni da bankina gwangwanin madara!
Lawali direba ya ara mini nasa.
Na kunna injin haya a wata ƙasa mai ƙanƙara,
na tafi suna Tibiri ban kashe ba.
Kwana tara yana ci, ko huɗa guda bai yi ba.
Jika bakwai.
Har yau Lawali yana amsa gaisuwata, fuska a ɗaure.

Zuwaira ƴar jami'a ta kawo waya mai tsagaggen gilashi,
ta leƙa allona, ta yi dariya:
Galma za ka ƙera tun daga tama?
Ga maƙera can sun baje kaya a fili,
ɗauki ka yi noma, amma karanta sharaɗin aro.
Duba yaushe aka wasa ta,
duba ko mai ita yana amsa sallama.
Taskar da aka daina sharewa, kunama ke kwana ciki.
Ta bar mini kile kamar ƙwayar dabino
cike da takardun bayani,
ta ce Asabar in zo gindin bedi a Zariya:
mu bakwai, buta guda, waya guda ke raba rezo,
wanda ya gane ya ja na baya, mu haye tare.

Na koyi sauke kaya ƙarfe biyu, sa'ad da mega ke araha.
Kashi casa'in da takwas, wuta ta ɗauke,
sauro ya zo ta'aziyya.
Na koyi karanta jan rubutu ba da zagi ba;
shi ma malami ne, bulalarsa ce ba ta san dare.

Ranar da sunan Tsahara ya fito a wayar Gwaggo,
jika huɗu da dala hamsin, cif,
na kai wa Kaka albishir.
Ya ce, ina rumbun? Na ce bayan teku.
Na wa? Na ce na haya.
Ya daɗe yana tauna goro.
Hatsin da ke rumbun wani, in ji shi, rabinsa labari ne,
ajiye dami guda a ɗaka, ka tsare.

Daren nan na kwafe komai a kilen Zuwaira.
Gabas ta haɗa, rezo ya faɗi,
ƙamshin ƙasa ya shigo rumfa.
Kaka ya aiko yaro: gobe shuka, a taho da sungumi.
Na rufe na'ura.
Nasa ya zubo; nawa sai ya jira ni, ya jure.