Gurbi Biyu

A ofishinmu na Adum, hawa na biyu,
fanka na juyi kamar mai ciwon wuya.
Oga Frimpong ya dire mini fam:
"Isiyaka, cike shi kafin azahar."

Gurbi biyu ne kacal a takardar,
ɗaya karkara, ɗaya birni.
Sunan da ke sama kuwa Zangon Dogo,
inda aka binne cibiyata.

Na ɗaga biro, na kasa sauke shi.

In na ce karkara,
ina zan kai benayen nan uku
da suka tsiro a gonar kokon tsoho Kusi,
masu baƙin gilashi, ba mazauni sai ƙadangare,
masu su na can Turai suna aiko siminti?
Daga Kejetiya tafiyar minti arba'in ce,
in ba a yi ruwa ba.

In na ce birni,
wa zai je ya shaida wa Inna Mamuna,
mai gangara rafi da bokiti tun asuba,
gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure?
Famfonmu guda ne.
Tari yake yi, ba ya tofarwa.

An ce karkara na da rabonta:
taki, burtsatse, nas a kan babur ran Laraba.
Birni ma na da nasa:
kwalta, fitilun titi,
da mai tikiti da ke riga su isowa,
ya tsaya kan tiren mai wake da shinkafa
sai ta ƙirga masa sidi biyar.
Mu dai mun bi layin nan biyu,
kowanne ya ce mu koma wancan.

Kullum da magariba ina kallon jemagu
suna tashi daga itatuwan gidan zu.
Tsuntsaye ba su ce nasu ba ne,
ɓeraye ma sun kau da kai.
Su dai ba a ba su fam ba.

Na kira Inna a waya:
"Wai mu ƙauye ne, ko birni?"
Ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"
Can ta nisa:
"Rubuta wanda zai gyara gada.
Jiya ɗan Adiza ya zame, da jakar makaranta."

Na duba gaba, na duba baya,
babu gurbin gada.

Ladan ya kira salla, Oga ya leƙo.
Na ajiye biro, na ari fensir,
na ɗiga alama sama-sama,
yadda roba za ta iya gogewa.