Bencin Gaba, Nesa da Taga

Saba'in da takwas ne a ajina,
aji uku, firamaren da ke bayan kasuwar Gwammaja,
amma sunan mutum ɗaya ya cinye mini murya:
Nazifi, zauna.
Nazifi, ina fensirinka?
Nazifi, wa ya ce ka buɗe taga?

Kafin in gama rubuta kwanan wata a allo
ya ƙirga adaidaita tara da suka wuce,
ya gano ƙadangaren katanga ya rasa rabin wutsiya,
ya amsa tambayar da ban ƙarasa ba,
ya kuma manta jakarsa a gindin darbejiya.

A ofis suka ce ƙafar kare ya ci.
Kakarsa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu.
Ubansa, tela ne a Fagge, ya rufe shago ya zo,
ya ce, Malama, dake shi, ni na ba ki.
Na daka kuwa. Allah Ya yafe mini.
Tsumagiya uku ta kakkarye a zango ɗaya,
ko baƙi guda ba ta koya masa ba.

Wata Laraba, an tashi tara,
kowa ya ruga wajen mai awara,
na same shi shi kaɗai a lungun aji
ya danne gwiwoyinsa da hannu biyu.
Ya ce, Malama, ina ce musu su tsaya,
su ne ba sa jin magana.

Allin hannuna ya faɗi.
Na tuna Yaya Sabi'u, wanda muka sha nono ɗaya,
da aka yi wa laƙabi da Kunnen Ƙashi
har ya bar boko a aji huɗu.
Yau a Ƙofar Ruwa, inji na yin tari
zai faɗa maka ciwonsa kafin a buɗe,
amma rasit sai yaronsa ya karanta masa.

Mun je Asibitin Malam, ni da uwarsa.
Likitar ta yi tambaya har la'asar ta gota,
ta ba ni takarda in cike, ta ba uwar tata.
Da muka koma ta ce, ba iska ba ce, ba raini ba.
Lalura ce ta ƙarancin natsuwa.
Kansa Kantin Kwari ne ranar jajiberi,
kowane mai shago na kiransa lokaci guda.
Magani, in ta kama, za mu duba,
amma rabin aikin yana ajinki.

Sai na dawo da shi bencin gaba, nesa da taga.
Lissafi goma na yanka masa kamar gurasa,
biyu-biyu, in ya cinye ya zo ya karɓi ƙari.
Shi ke goge allo, shi ke kai rajista ofis,
ƙafar da ke son tafiya na ba ta aike.
Ubansa ya ɗaura tsohuwar robar taya a ƙafar benci,
yana harbinta a ɓoye, hannu na rubutu.
Mun yi sirri: in na taɓa kunnena, ya dawo.
Ba wanda ya sani, ba wanda ya yi dariya.

Kada in yi muku ƙarya,
jiya ma ya kifar da bokitin shara,
ni ma na yi tsawa, na manta sirrinmu.
Saba'in da bakwai na jirana,
wata ma, Ramlatu, shiru take a can baya,
idonta a kaina, hankalinta a Dala,
ita ban fara ba tukuna.

Amma yau ya kawo shafi cikakke,
layukan sun karkace kamar lungun Yakasai,
duk da haka sun kai gida.
Na sa masa maki da jan biro.
Bai tsaya gani ba,
ya hango ƙadangaren nan,
wai wutsiyar ta fara tsirowa.