Akwatin Barira

Shekara ashirin da bakwai ina yankan madubi
a bakin babbar kasuwar Maraɗi,
yatsuna duk tabon gilashi,
amma ba a taɓa kawo mini aiki irin na Barira ba.

Autata ce, ajinta biyar.
An ɗauke wuta a Mokoyo tana tsakiyar lissafi,
da safe sai ga ta a rumfa da kwalin sabulu:
"Baba, liƙa mini madubi a ciki,
gefe huɗu, da ƙasa, da murfi.
In rana ta take in ɗebi haske in rufe,
da dare in buɗe abina."

Na yanka shida
daga madubin kabad ɗin marigayiya uwarta,
wanda ya tsage tun bara.

Da azahar ta tara kwalin
kamar mai tarar ruwan indararo,
ta kife murfi, ta ɗaure da tsumma,
ta zauna a kai.

Tsahiru mai gyaran rediyo ya ajiye kofin shayi.
"Ƴata, madubi dillali ne,
ba ya miƙa kaya sai ya cire la'ada.
Haske ya bugi wannan bango, a cire dala,
ya koma wancan, a cire dala,
ga shi gudunsa ba na kabu-kabu ba ne:
kafin ki ƙifta ido ya je ya dawo sau miliyoyi.
Wane jari zai jure haka?
Abin da zai saura ɗan ɗumi ne
wanda ko tururuwa ba za ta ji ba."

Ta ce, "In an samu wanda ba ya cin la'ada fa?"

Ya sosa gemu.
"Daga nan har Jibiya ban ga dillali irin wannan ba.
In ma akwai, sai kin leƙa za ki san yana ciki,
kuma leƙen nan shi ne ƙofar fitarsa."

Bayan isha'i wuta ta sake tafiya.
Ta ɗauko kwalin, ta ajiye gefen littafi.
Na jira.
Ba ta kwance tsumman ba.
"In na buɗe ya gudu.
In ban buɗe ba, wa zai rantse babu?"
Da fitilar wayata ta ƙarasa lissafin.

Yanzu ta yi barci, bakinta a buɗe.
Ni na san bayan kowane madubi fenti ne kawai.
Na san wannan ya ga fuskar Zuwaira
safiyar shekara goma sha tara,
tana ɗaura kallabi, tana faɗa da ni kan cefane,
bai riƙe ko gira ɗaya ba.

Duk da haka na ɗora tafi a kan kwalin.
Na taɓa ƙullin tsumman.
Ƙullin yara ne, da yatsa ɗaya zai kwance.

Na gyara masa zama,
kada kyanwa ta ture shi.