Wuyan Keke

Kiret bakwai nake ɗaurawa a kariya,
daga gonar kaji ta bayan Pantami
zuwa teburan masu shayi na Jekadafari.
Ƙwai ba ya son gardama.
Ni ma haka.

Ran Talata na fara jin ta:
ƙwas, in na taɓa birki,
ƙwas, in taya ta faɗa rami,
wata 'yar ƙara can ƙarƙashin hannuna,
kamar haƙori mai girgiɗi yana gaida maƙwabcinsa.
Kafin la'asar sha ɗaya sun tsage.

Na ari sifana wurin Tela Buba,
na kama notin wuya na murɗa,
na ƙara murɗawa har da cije leɓe,
na ce gobe ma ka sake magana.
Ya yi shiru kuwa.
Shirun da ya kai ni kwalbati a kwanar Bolari:
na ce masa dama, ya ce shi miƙe ya sani.
Kiret biyu. Gwaiduwa har cikin takalmi.
Yara na dariya, ƙudaje na godiya.

Baba Hammayo yana gindin darbejiyarsa,
ido ɗaya ya yi fari, ɗayan na bin sawu.
Bai tambaye ni labari ba.
Ya ɗaga gaban keken, taya ta bar ƙasa,
ya tura kan da ɗan yatsa.
Kan ya tsaya ƙiƙam kamar jaki a bakin gada.
"Wa ya shaƙe shi?"
Na dubi takalmina.

Ya kwance notin sama, ya zare wosha,
ya sassauta na ƙasa, ya tara tafin hannu,
'ya'yan boris suka zubo kamar ƙwayar dawa,
biyu sun fashe, sauran sun bushe.
Ya wanke su da kananzir a gwangwanin madara,
yana ƙirga su da yatsa, ba da ido ba.
Ya cike gurbin biyun daga wata tsohuwar kwalba,
ya lakato giris ya shafe kwanon,
ya jera su ɗaya-ɗaya, mai shuka a kan kunya.

Sa'an nan ya kamo hannuna.
"Matse birkin gaba. Sa yatsunka nan,
inda wuya ya haɗu da jiki.
Tura. Ja baya. Me ka ji?"
Na ce yana motsi.
Ya murɗa kaɗan, bai kai faɗin farce ba.
"Yanzu fa?"
Saura ƙiris.
Ya ƙara rabin wancan.
Babu.
Ya ɗaga gaban, ya karkata keken,
kan ya faɗi gefe da kansa, a hankali,
kamar goyon da barci ya sace.

"Nan ne," ya ce. "Tsakanin ƙwas da ƙiƙam
filin bai ishi tururuwa kwana ba."
Ya riƙe na ƙasa da sifana kada ya bi,
ya ɗaure na sama da wata,
ya sake gwadawa tun daga farko,
wai noti yakan canja magana in an kulle shi.

"Amma ji nan."
Ya juya kan a tafina: daidai tsakiya
wani ɗan tuntuɓe, kamar tsakuwa a tuwo.
"Matsinka ya haƙa ramuka a kwanon.
Giris ba ya cike su.
Sabo sai kaya sun zo."

Na zaro kuɗi, ya ture.
"Cikin tsagaggun nan zaɓo min shida,
jikata Dija na son su da albasa."

Kaya ba su zo ba har yau.
Kullum da asuba, a kwanar Bolari,
kan yakan ɗan yi jinkiri a tsakiya
kafin ya yarda ya bi ni.
Ina jin sa a wuyan hannu.
Nakan rage gudu tun daga shagon mai caji,
kiret bakwai a bayana, shiru,
kowane ƙwai a raminsa.