Dutsen Kunnen Kifi

Shekarar da ta zo, rana ba ta leƙo ba tukuna.
Farkon Janairu a Lofoten, dare ya yi zaune
ba ya neman izinin kowa.
Ta sauko daga jirgin wasiƙu da akwati ɗaya,
da 'yar wuƙa, da hantsaki, da damin ambulan.
Muka ce, ga wata daga jami'a
ta zo koya wa kifi iyo.

Ragnfrid Aune.
Ba ta son tsoka, ba ta son hanta,
kai kawai take roƙo.
Ta tsuguna inda yara ke yankan harsunan kod,
ta tsaga ƙoƙon kai, ta zaro farin dutse
kamar ƙwayar wake,
ta karya shi biyu ƙarƙashin madubi,
ta ce, Torleif, leƙa.

Na leƙa. Zobe cikin zobe,
irin na kututturen itace.
Ta ce, mai faɗin nan watannin ƙoshi ne,
siririn kuwa hunturu.
Ƙirga. Shida.
Wannan ko ƙwan fari ba ta zuba ba.
Na zamanin kakanka sukan kai sha biyar.
Na ce, teku ba ta ƙarewa.
Ta ce, haka mai ganga ke faɗa
kafin ludayi ya daki gindi.

Hunturu huɗu tana ƙirga.
Sannan ta miƙe a zauren taro,
gashinta na warin kifi kamar namu,
ta ce mu faɗaɗa idon taru,
mu bar mashigin da suke zuba ƙwai ya huta.
Oddvar ya yi jifa da kofin gahawa.
A daren nan wani ya juye bokitin kawunan kifi
a ƙofar ɗakinta.
Ni ne.

Doka ta zo daga kudu, da hatimi.
Katakon shanya ya tsaya tsirara cikin iska.
Ƙanena ya sayar da jirginsa,
ya tafi tuƙin bas a Bodø,
can aka binne shi.
Wannan ba ya cikin jadawalinta,
kuma har gobe ban yafe duka ba.

Ta ce shekara biyar.
Biyar ta wuce, taru na dawowa da ruwa.
A ta bakwai ta koma zauren nan,
ta ce, na yi kuskure a lissafi,
ban auna ɗumin ruwa daidai ba.
Ba ta ƙara ko kalma don wanke kai ba.
Ranar na fara jin tsoron gaskiyarta.

A ta sha ɗaya suka dawo.
Na ɗago wata, sai da ɗana ya kama mini,
ciki tim da ƙwai.
Na yanke kan da kaina, na kai mata.
Ta ƙirga a hankali, leɓenta na motsi.
Sha uku.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

Ɗalibanta sun watsu.
Wani na ƙirga gaggafar teku a kan duwatsu,
wata na zaune a ma'aikata
tana musu da masu manyan jirage
da irin taurin kan malamarta.

Bara ta rasu.
Jikata Tuva, da ke karatu a ɗakin bincikenta,
ita ta kwashe durowoyin.
Ta kawo mini ambulan guda, ya yi rawaya.
Na girgiza, duwatsu suka yi ƙara.
A bayansa, da rubutunta mai karkata:
kawuna talatin da ɗaya, daga ƙofar ɗakina,
babu wanda ya haura shida.
Kyautar Torleif.